Waya Ɗaya, Kai Biyar: Martani ga Mai Cewa a Raba Ɗalibai da Waya

Wani ƙanena ne ya turo mini rubutun Malam ta WhatsApp, na kuma karanta shi a tsaye a bakin shagon mai caji, ina jiran batiri ya ɗan hau. Sau biyu na karanta. Rubutu ne na mutumin da abin ya dame shi da gaske, shi ya sa na ga ya fi ƙarfin tsaki, sai amsa.

Ga abin da na fahimta daga maganarsa, in na yi masa ƙari ko ragi ya yafe mini. Malam yana ganin wayar hannu ta zame wa karatun 'ya'yan Hausawa ƙarfen ƙafa ko'ina suke. Zaurukan da ɗalibai ke buɗewa a waya da sunan taimakon juna, a wurinsa dandalin hira ne da kwafar amsa, an dai lulluɓe su da rigar ilimi. Ya ce ƙasashen da suka riga mu sanin wayar sun fara korar ta daga makarantu, don haka mu da muka karɓo ta daga baya ba mu da hujjar rungumar abin da masu shi ke gudu. Daga nan ya juyo kanmu, Hausawan Jazira da na Shuɗin Nilu, ya yaba mana da riƙon karatun allo da muka gada wurin kakannin da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, ya roƙe mu kada mu bar waya ta cinye wannan gado. Mun gode da yabo. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda ya yi gaskiya ba zan ɓoye ba. Faransa ta yi dokar hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Holan ta bi sahu a farkon 2024. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ja kunne cewa kada a shigar da na'ura aji sai in an tabbatar tana taimakon karatu. Ni kaina malamin lissafi ne, kuma kafin yaƙi na sha ƙwace waya a aji in jefa cikin aljihun jallabiya, mai ita ya biyo ni yana magiya har bakin ofishin shugaban makaranta. Gobe ma in na kama, haka zan yi.

Sai dai duk dokokin nan da Malam ya jero, kalma ɗaya ce ke riƙe da su: makaranta. Bafaranshen da ya ce a ajiye waya a ƙofa, ya san a bayan ƙofar akwai malami tsaye da alli a hannu, akwai littafi a kan kowane tebur, akwai wuta, kuma a aljihun kusan kowane yaro akwai wayarsa ta kansa. Yana raba yaro da abu ɗaya ne don ya miƙa shi ga abin da ya fi. To mu nan, in an karɓe wayar, ga wa za a miƙa yaron?

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, makarantun ƙasar nan suka rufe. A watan Oktoba na shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Azuzuwan Wad Madani suka koma ɗakunan kwanan waɗanda suka gudo daga Khartum, ana shanya wanki a kan tagogi. A Disamba garin ya faɗa hannun dakarun RSF, waɗanda suka fake a cikinsa da masu masaukinsu duka suka sake ɗaukar ƙunshi. Ƙarshen Yunin 2024 abin ya kai Sinja. 'Yan'uwanmu na Shuɗin Nilu kuwa tasu ta riga ta kowa, domin rikicin Yulin 2022 a wajajen Rusairis da na Oktoba a Wad al-Mahi sun raba dubban Hausawa da gidajensu tun kafin babban yaƙin. Kuma kada Malam ya ɗauka kafin wannan muna cikin daula. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, da yawan mutanenmu ba su mallaki hawasha, wato gonar kansu, ba, 'yan ƙwadago ne a gonar wani, suna zaune a kanabi (jam'in kambo), wato 'yan ƙauyukan leburori da ke gefen magudanan ruwa. Kambo da yawa ba su da makaranta, ba su da lantarki. Yaro ya tako ƙafa zuwa ƙauyen masu gona, in lokacin tsinkar auduga ya zo a cire shi daga aji.

Bari in ba Malam labarin abin da na gani da idona, tunda gani ya kori ji.

A ƙauyen da muka fake, ta yammacin Jazira, akwai ɗiyar yayata da ƙawayenta huɗu. Su ne 'yan ajin da ya kamata su zana shahadar Sudan, wato jarrabawar kammala sakandare, a tsakiyar 2023, aka ɗage, aka sake ɗagewa, har aka tsayar da 28 ga Disambar 2024. Shekara ɗaya da rabi ba aji. Littattafansu an baro su a gida ranar gudu. Su biyar ɗin waya ɗaya gare su, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, wadda yayan ɗaya daga cikinsu da ke aiki a Saudiyya ya bari. Sabis babu. Ranar kasuwa sai su yi karo-karo, su ɗora ƙanin ɗayarsu, yaro ɗan shekara goma sha uku, a kan jaki, ya tafi inda mai Starlink ke sayar da intanet awa-awa. Aikinsa ya buɗe zauren ajinsu, ya sauke duk abin da ya taru a mako, ya tura nasu tambayoyin, ya dawo. A zauren akwai wata 'yar ajinsu da ta sauka a Gadarif wurin dangi, ta samu littafin fiziya tana ɗaukar hotonsa shafi-shafi. Akwai malaminsu na da, wanda gudu ya kai Kasala, yana turo bayani da saƙon murya, kana jin kukan jariri da ƙarar tukunya a bayansa.

Da yamma sai su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Fuskar wayar ba ta kai tafin hannu ba, kai biyar ba za su gani lokaci guda ba. Dole ɗaya ta riƙe ta karanta da ƙarfi, huɗu su rubuta. In ta gaji ta miƙa wa ta kusa. Batirin ba ya kai awa biyu, kuma caji kuɗi ne, saboda haka babu mai cewa a sake jawo muryar malam sau biyar. In ba ki gane ba, ki tambayi wadda ta gane. Takarda ta yi tsada, sai su fara gwada lissafi da tsinke a ƙasa, in ya fito daidai a kwafe a littafi. Malam yana tunanin yaro shi kaɗai a ɗaki, ya ja bargo, waya na haska masa fuska har asuba. Wannan yaron yana nan, na san shi, na koyar da shi. Amma wayar da mutum biyar ke kallo, kowa ya zuba kuɗinsa a cajinta, ba ta da sukunin yawon banza. Idon juna ya ishe su tsaro.

Ba zan ce ba a taɓa sata ba. Ɗan aiken nan wata rana ya dawo batiri saura kaɗan, da aka matsa shi ya ce ya ɗan leƙa ne ya ga yadda ƙungiyar ƙwallon Hilal ta yi a Muritaniya, inda yaƙi ya kai ta buga gasar ƙasar wasu. Abin da 'yan matan suka yi masa da baki, da ni ne da na gwammace bulala.

Wata rana kuma suka zo mini da rigima. Malaminsu ya turo warwarar wata mu'adalar lissafi a zaure, kusan mutum arba'in sun danna alamar yatsa sun wuce. Ɗaya daga cikin 'yan matan, wadda ba ta cika magana ba, ta mayar da amsar cikin tambayar a ƙasa, abu ya ƙi fita. Suka yi ta musu, biyu na cewa ustaz ba ya kuskure. Ɗiyar yayata ta zo ta durƙusa ta ce, "Kawu, don Allah ka duba mana, ko mu ne ba mu gane ba." Na duba. Alamar ɗebewa ce ta faɗi a layi na uku. Na ce su bayyana mini da bakinsu inda aka kauce, suka bayyana, na ce to ku ɗauki murya ku tura. Sai da ranar kasuwa ta zagayo gyaran ya isa zaure.

Wannan labari ya ba Malam rabin gaskiya, na kuma ba shi da hannu biyu: mutum arba'in sun haɗiye kuskure saboda ya zo ta waya. Amma ya lura da inda aka kama shi. A kan tabarma aka kama shi, inda ake da mai ja da mai musu. Wayar ta kawo darasi daga Kasala da Gadarif, abin da jaki ba zai iya ba. Tankaɗe da rairaya kuwa aikin da'irar ne. Malam ya ga masu danna yatsa ya yanke hukunci, bai ga mai tsinke ba.

Kada a ce labarin ƙauyenmu ne kawai. A Nijar, a jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da ajin yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci a 2009 da 2010, a ƙauyuka fiye da ɗari. A rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar waya mai madannai, aka ba kowane rukunin mutum biyar waya guda su riƙa karɓa-karɓa. Jenny Aker da abokan bincikenta sun bi sawun shirin, suka wallafa sakamako a 2012: waɗanda suka yi da waya sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Manoma ne, da yawansu masu jin Hausa irinmu, kuma ko a can ba a ba kowa tasa ba. A Botsuwana ma, lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, an gwada tura wa iyalai ɗan aikin lissafi ta saƙon tes, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kamar minti ashirin a mako. Inda aka ga ci gaba na sosai shi ne inda aka yi kiran, mutum ya yi magana da mutum. Saƙo shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ba. Nan Sudan ɗin ma, shirin koyar da lissafi ta wasan kwamfutar hannu da War Child ta Holan ta fara tare da Jami'ar Ahfad da ma'aikatar ilimi, don yaran ƙauyukan da babu makaranta, bai miƙa wa yaro na'ura ya ce tafi gida ba. Ana tara yara ne wuri guda, da wani ɗan gari mai kula da su, ana caji da hasken rana.

Yanzu ga maganar gado, wadda ita ce ta fi taɓa ni. Gaskiya ne, bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jagoranci jama'a gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wasu dubbai kuma suka biyo hanyar hajji suka yada zango, zangon ya zama gida. Sun zo da allo da tawada. Amma yaya suka yi karatun? Almajiri bai taɓa karatu shi kaɗai ba. Gardi ke biya wa ƙolo. Mahaddata na zama musaffa, wannan ya ja, wancan ya tare shi in ya kauce. Da dare a kewaye wuta ɗaya, wadda a halwowin Sudan irin ta Wad al-Fadni ake ce mata tugaba, kowa ya karkato allonsa wajen hasken. Itacen wutar kuma almajiran ne ke fita su samo, kowa da ɗaurinsa. Ran da na ga 'yan matan nan suna ƙirga kuɗin awa ɗaya a tafin hannu, abin da ya faɗo mini ke nan. Wuta ma tana ƙuna, ta ci bukkar tsangaya ba sau ɗaya ba, ban kuwa taɓa jin alaramman da ya ce a koma karatu cikin duhu ba. Mu masu gayya ne a gona, maƙwabtanmu Larabawa su ce nafir. Ban ga dalilin da zai sa gayya ta halatta a kan kunya ta haramta a kan mu'adala ba.

Akwai wani amfani da Malam ba zai gani daga nesa ba, domin shi bai yi boko da Larabci ba. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida, ya shiga aji a fara masa komai da Larabcin littafi, wanda ya bambanta ko da na kasuwa da yake ji. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi sukutum a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Mu abin a bakinmu yake kullum. A aji, yaro na jin nauyin ya ce bai gane ba, balle ya tambaya da harshen da wasu ke yi masa dariya a kai. A saƙon murya kuwa na ji yayar wani tana fassara masa darasin kewayar jini da Hausa tsantsa, tana sako kalmomin jarrabawa da Larabci a inda suka dace, har da misalin magudanan Jazira, babba na ba ƙarama ruwa. Babu littafin ma'aikata da ya taɓa yi masa haka. Wadda ba ta iya rubuta Hausa da boko ko ajami ba, ga shi ta zama malama da murya kawai.

Batun satar amsa ba zan daɗe a kai ba. Hukuma a nan ta saba datse intanet na wayoyi a sa'o'in da ake zana shahada, ta yi haka a 2020, ta maimaita a shekarun da suka biyo. Ko ana son wannan mataki ko ba a so, ya nuna ana iya tsare ɗakin jarrabawa ba tare da an hana yaro shiri na wata tara ba. Satar amsa kuma ta girmi waya. A zamaninmu a cinya ake rubutawa.

Da Malam ya tambaye ni, da na ba shi hujjar da ta fi duk nasa ƙarfi. A farkon Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan faɗin ƙasar, kuma a yawancin Jazira aka shafe watanni ba su dawo ba. Rana ɗaya duk zaurukan suka yi tsit. Bankak, manhajar da ake turo wa mutane kuɗin abinci da ita, ta tsaya. Masu bindiga a shingen hanya kuwa waya ce farkon abin da suke laluba. Wanda ya jingina karatun ɗansa kacokan a kan sabis, ya jingina shi a kan abin da wani zai iya kashewa daga nesa ba tare da ya san sunan yaron ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ina kuma faɗa wa masu zuwa da manyan motoci suna ce mana fasaha za ta maye gurbin makaranta. Ba za ta maye ba. Amma a watannin nan na ga su wa suka ci gaba da karatu: waɗanda suka riga suka saba zama tare. Abin da aka sauke yana cikin katin memori, ana tura shi waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da sabis ba, wanda ya kwafe a takarda ya ara wa na kusa. Masu karatun kaɗaici su ne suka tsaya cak.

Malam ya nuna damuwa ta musamman kan 'yan mata, na kuma san ba shi kaɗai ba ne. Yayata ma da farko cewa ta yi ba a gidanta ba. Abin da ya sauya mata ra'ayi shi ne tabarmar a tsakar gidanta take, tana tankaɗe tana jin duk abin da ke fita daga wayar. A lokacin da uba ba zai bar 'yarsa ta taka zuwa ƙauyen gaba ba saboda halin hanya, zaɓin da ke gabansa biyu ne: darasi ya shigo gida, ko yarinya ta zauna har mai neman aure ya yi sallama. Haramcin da Malam ke nema, a aikace kan 'ya mace zai fara sauka, don namiji zai tafi kasuwa ya ari ta abokinsa.

Saboda haka ina roƙon Malam, da alƙalaminsa da ake saurara, ya sauya inda ya auna. Ya rubuta a kan malaman da suka shafe watanni ba albashi har wasu suka koma sayar da gawayi da agashe. Ya rubuta a kan kambon da ya kusa shekara ɗari yana noma wa ƙasa auduga ba a gina masa aji ko ɗaya ba. In yana da hanya wurin masu hali a Kano ko Maraɗi, farantin sola guda da batiri a gidan mai unguwa zai yi wa da'ira goma aiki. In kuma yana son doka, ga wadda zan sa wa hannu tare da shi: a aji ba waya, a gida ba waya a bayan ƙyaure, a tabarma kuwa a bar su.

Sojoji sun koma Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, mako biyu bayan an fara jarrabawar. Cikin 'yan matan biyar, uku ne suka samu isa cibiyar da aka ba su. Ɗaya kuɗin mota ya gagara. Ɗayar, mai tsinken nan da ta kama alamar ɗebewa, mahaifinta ya ce hanyar ba ta yi masa ba, ban kuma iya ce masa ya yi kuskure ba. Wayar tana hannunta yanzu. Gilashin ya ƙara tsagewa har sai an karkata shi ake ganin layin ƙasa, kuma yara shida 'yan aji shida ke zuwa wurinta bayan la'asar.